Ɗan Sirri Ya Rasu a Hannun Taubashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma wanda ba a ba ni izinin kiran sunansa ba, ni Muntaka Kafinta na bakin kasuwar Karaye, a madadin kaina da iyalina da duk katakon da ke jingine a shagona, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Karaye da Rogo da kewaye rasuwar abokin sana'ata, injina na haɗa katako, wanda aka fi sani da Ɗan Sirri. Ya rasu a watan Muharram na wannan shekara ta 1995, a kan bencin aiki, a gaban dattawa, bayan gajeriyar rashin lafiya da aka ɓoye mini. Wanda ya yi sanadinsa ɗan'uwana ne, taubashina, kuma al'ada ta ce ba a fushi da taubashi. Saboda haka duk wanda ya ji kamar akwai fushi a cikin wannan sanarwa, to kunnensa ne.

Marigayin ba haifaffen ƙasar nan ba ne. Ya zo ne tare da masu aikin madatsar ruwa ta Challawa, a cikin kayan wani Baturen kafinta da na yi wa aiki a sansaninsu, muna haɗa ƙofofi da kabad na ofisoshi. Da aiki ya ƙare suna ɗaure kaya, mutumin ya miƙo mini shi a cikin akwatinsa na ƙarfe, ya haɗa mini da kwali guda na abincinsa, ya yi ta bayani da hannu da ƙafa, ni kuma ina ta gyaɗa kai. Rabin abin da ya faɗa ban ji ba. Wannan rabin marigayin ne ya koya mini da kansa, da haƙuri, a cikin shekarun da muka yi tare.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, marigayin bai fi zakara girma ba. Yana da zarto kewayayye a ɓoye a cikin bakinsa, wanda ba ya leƙowa sai an danna fuskarsa a gefen katako. In aka danna sai ya ce zuf, ya fito ya koma, ya bar wata 'yar tsaga mai siffar jinjirin wata. A yi irinta a gefen ɗaya katakon, a shafa gam, a cusa wani ɗan falan katako matsattse da muke ce wa biskit saboda kamarsu, wato abincin nasa, rabi nan rabi can, a matse. Danshin gam ya sa biskit ɗin ya kumbura a ciki, katako biyu su zama ɗaya, babu kan ƙusa, babu tsatsa, babu abin da ido zai gani. Shi ya sa mutane suka sa masa Ɗan Sirri. Kafin zuwansa ni kafinta ne cikin kafintoci, mai buga ƙusa ya lanƙwasa kanta ya shafe da fenti. Bayan zuwansa sai ga mutane daga Kwanyawa, daga Rogo, har daga bayan Gwarzo, suna shafa teburina da tafin hannu suna neman inda na ɓoye ƙusar. Wani dattijo ya rantse da asiri nake haɗawa, ban kuma ƙaryata shi ba.

Marigayin mai gaskiya ne. In ka saita shi a kan layi, a nan zai yanka, ba ya ƙari ba ya ragi. Bai taɓa cewa a ba shi kuɗin abinci kafin ya fara aiki ba, bai taɓa tafiya biki ya bar ni da aikin mutane ba. Muryarsa kuwa in an kunna shi, wiiii, siririya, daidai, har mai gyaran keke na kusa da ni ya ce da ita yake gane gari ya waye sosai. Amma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, yana da tsirfa. Ba ya son ƙura, alhali shi ke yin ta. Ba ya son mai, ko ɗigo. Sandunan da yake zamewa a kansu in an danna shi, da guntun kyandir nake goge su, don mai yana kama garin katako ya zama ƙullu ya riƙe shi. Haƙoransa in ƙaron katako ya manne musu sai ya fara ƙona tsaga yana wari, sai na cire zarton na jiƙa a kananzir na wanke da tsohon buroshin haƙori. Matata Zaituna ta taɓa cewa ba ta ga na wanke nawa bakin da irin wannan natsuwa ba.

Ya sha yin rashin lafiya a baya, Allah kuma ya ba ni sa'a a kansa. Akwai lokacin da ya riƙa yanka tsaga ɗaya sama ɗaya ƙasa, katako biyu su haɗu da ɗan tudu a tsakani, na yi ta zargin idona, ashe notin shingen da ke riƙe masa awo ne ya saki. Na ɗaure, ya dawo hayyacinsa. Akwai shekarar da ya riƙa tartsatsi yana shessheƙa, na buɗe na ga gawayin cikinsa, wanda masu gyara ke ce wa kabon, ya cinye saura ƙiris. Na samo na injin huda ƙarfe na goge a samfefa har ya shige daidai. Da damina kuwa biskit kan sha danshin iska su kumbura tun kafin lokacinsu, su ƙi shiga tsaga. Na koyi zuba su a gwangwanin madara mai murfi, in sun riga sun sha sai Zaituna ta ɗora mini su a fanteka bisa toka mai ɗumi su saki. Duk wannan na yi masa, ban taɓa gori ba sai yau. Ban taɓa ba da aronsa ba. Surukina ya nema na ce ya lalace, Allah ya yafe mini, ga shi bakina ya kama shi.

Yanzu sai batun Sulle.

Sulle ɗan Gwaggo Hajo ne, ƙanwar mahaifina da aka aurar Zoza ta ƙasar Rogo, gidan masu shanu. Shi ɗan mace, ni ɗan namiji, wato taubasai, abokan wasa tun muna yawo ba wando. Shi ya ce ni bawansa ne, ni na ce shi bawana ne, har yau ba a raba gardamar ba. Kowace shekara ranar Cika-ciki, goma ga Muharram, sai ya hau kekensa ya zo karɓar kuɗin shara kamar yadda taubasai ke yi. Sai dai Sulle ba ya tsayawa a ba shi. Abin da idonsa ya faɗa a kai shi zai ɗauka ya gudu, sai na bi shi Zoza da goro na fanso. Ya ɗauki hulata daga kaina a tsakiyar kasuwa. Ya ɗauki takalmina a ƙofar masallaci na dawo gida ƙafa a ƙasa. Wata shekara ya saɓi tukunyar tuwon Cika-cikin ɗungurungum, miya na zuba a bayansa. Ni ma ban bar shi ba, na taɓa kora masa ɗan maraƙi har Karaye. Duk dariya ake yi, har da ni.

Bana ya zo ina bayan gida. Zaituna ce ta gan shi yana ɗaure akwatin marigayin a bayan keke da igiyar shanu.

Ta ce, “Sulle, wannan kam da ka ɗauki wani abin. Ka san shi da injin nan.”

Ya ce, “Ai shi ya sa. Ki gaya wa bawana in yana son ɗansa ya zo da goro fari, ba irin busasshen bara ba.”

Ba ta hana shi ba, kuma ban ga laifinta ba, don matar gida ba ta shiga tsakanin taubasai. Da na fito na ji, na yi dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙorana ba. Na aika masa da wani mai zuwa Zoza cewa kada ya buɗe akwatin, kada ya bar shi inda ruwa zai taɓa. Na yi niyyar binsa washegari, sai aka kwana ana ruwa, hanya ta yanke, ga kuma shuka ta kama kowa. Na ce ba komai, akwati ne a rufe, kuma a gidan Gwaggo yake.

A lokacin ina da aikin da ban taɓa samun irinsa ba. Jama'ar Tudun Kaya sun gyara masallacinsu, suka kawo mini katakon maɗaci na wata tsohuwar bishiya da iska ta kayar musu, suka ce ƙofa suke so mai ganye biyu, wadda babu ƙusa ko ɗaya a fuskarta, a kafa ta kafin Mauludi. Liman da kansa ya zo ya ce, “Malam Muntaka, an ce kai kaɗai ke wannan aiki a ƙasar nan.” Na ce da yardar Allah. Na fere katakon, na jera, na ja layi, marigayin ya yanka tsagogin ganye ɗaya cif. Saura ɗaya ganyen Sulle ya zo.

Bayan 'yan kwanaki sai ga Sulle da akwatin a bayan keke. Ya kamata a ce tun nan jikina ya ba ni. Tunda muke da shi bai taɓa dawo da abu da ƙafarsa ba, sai an bi shi, an roƙe shi, ya sa na durƙusa na kira shi ubangida a gaban yara. Ran nan ya sauke akwatin a bakin shago, ya ce, “Ga tsiyarka nan, ta cika mini ɗaki.” Na miƙa masa goro ya ce haƙorinsa na ciwo. Na ce ya tsaya ya ci abinci ya ce shanu na jiransa. Ya hau keke yana dariya, ni ma ina dariya, ina ce masa matsiyaci, ɗan mai warin nono. Na ɗauki akwatin na ajiye a gurbinsa ban buɗe ba, don ina tsakiyar wani aiki, kuma don ban taɓa tunanin akwai abin dubawa ba.

Washegari da hantsi Liman da dattawa uku na Tudun Kaya suka biyo ta shagona ganin inda ƙofa ta kai. Aka gaisa, aka tambayi iyali da damina, na shimfiɗa musu tabarma. Ɗayansu ya ce shi fa bai taɓa ganin injin yana aiki ba. Na ce yau zai gani. Na tayar da janareta, na buɗe akwati, wani ƙamshi ya bugi hancina wanda ba na shagon kafinta ba ne, amma idon mutane na kaina, na jona waya na kunna.

Bai ce wiiii ba. Ya ce gur, gur, gurrr, kamar tsohon da majina ta sarƙe. Na danna shi a katako ya ƙi shiga, na ƙara ƙarfi ya shiga ya ƙi fitowa. Sai ya ce ƙaƙaƙaƙa, ya girgiza a hannuna, ya ce tas. Hayaƙi ya fito ta hancinsa, shago ya gauraye da ƙamshin soyayyen man shanu, irin wanda ake zuba wa tuwo. Wannan tas ɗin ita ce kalmarsa ta ƙarshe. Dattawa suka dubi juna. Liman ya ce, “Allah ya sawwaƙe, Malam Muntaka,” suka naɗe mini tabarmata da kansu suka tafi.

Ban yarda ya mutu ba. Na bi shi gaɓa-gaɓa yadda na saba. Na duba waya, lafiya. Na gwada janareta da wani injin, lafiya. Na ciro kabon, bai cinye ba. Sai na kwance bakinsa. Jama'a, abin da na gani ba na fatan maƙiyina ya gani a cikin kayan sana'arsa. Sandunan da nake gogewa da kyandir sun dame da man shanu da garin katako, sun zama wani baƙin ƙullu har da kiyashi a ciki suna biki. Sifirin ɗin da ke dawo da shi baya ya nutse a ciki. Zarton ya zubar da haƙora biyu, na uku ya karkace. Garin katakon kuma ja ne mai duhu, na ƙirya, itacen da ake sassaƙa turmi da shi, wanda ko a mafarki ban taɓa kai bakin marigayin kusa da shi ba.

Na ɗauke shi zuwa Kano wurin Audu rewaya, mai naɗin koyil, mutumin da na ga ya tayar da fankar da ta shekara a bola. Ya buɗe, ya shinshina, ya juya kan da yatsa ya ji yana ƙaras-ƙaras. Ya ce koyil ya ƙone, wannan zai iya naɗawa. Amma ƙananan haƙoran ƙarfe na cikin kansa, masu juya zarton, sun farfashe, kuma ko zai zaga Kano da ƙafa ba zai samo irinsu ba, balle zarton. Ya ce, “Maigida, wannan ƙarfe ya sara yana gudu. Wa ka ba?” Na ce ban ba kowa ba. Ya dube ni ya mayar da murfin, bai karɓi ko sisi ba. A nan na tabbata na yi rashi.

Labarin kwanakinsa na ƙarshe ban ji daga bakin ɗan'uwana ba. Daga bakin Maikuɗi mai shayi na ji, mutumin Zoza, mai janaretar da ake kallon talabijin da ita a can. Mun haɗu ranar kasuwa, ya riƙe hannuna da fara'a, bai san komai ba.

Ya ce, “Malam Muntaka, injin nan na Sulle da kake riƙe masa akwai murya. Ran nan duk Zoza sai da ta taru.”

Na ce, “Injin Sulle?”

Ya ce, “Haka ya ce mana. Wai nasa ne, bawansa ke yi masa kiwo a Karaye.”

Na ja shi gefe na saya masa rake, ya kwance mini jaka. Sulle ya kai marigayin teburin shayi, aka jona shi a janareta, ya fara da bencin Maikuɗi. Zuf, mutane suka yi shewa. Ya yi wa ƙofar wani, ya yi wa kujerar mai unguwa, aka kawo turmi ya yi masa tsaga kewaye da baki, kowa na cewa a yi wa nasa. Babu jakar ƙura, babu gogewa, har bakin marigayin ya cushe ya fara nauyin shiga. Sulle kuwa abin da ya sani a duniya shi ne duk abin da ya ƙi tafiya mai yake so. Da man shanu yake lallashin ƙafar amalanke, da shi yake tausasa igiya da takalmin fata, da shi yake shafa wa sa wuya in karkiya ta goge shi. Ya aika gida aka ɗebo a ludayi, ya ɗura wa marigayin ta ko'ina. Ya ɗan saki kuwa. Sai Sulle ya ɗauko karkiyar shanunsa ta ƙirya, wai zai yi mata ado, bai tuna da tsohon ƙarfen da ya karye a cikinta tun zamanin mahaifinsa ba. Maikuɗi ya ce ƙarar da ta tashi har kajin maƙwabta sai da suka watse. Daga nan Sulle ya goge shi da gefen riga, ya mayar akwati, ya ce taro ya tashi, injin ya gaji.

A nan zan yi magana da marigayin kai tsaye, ko da ba a yi wa mamaci faɗa. Ɗan Sirri, kai ma ka ci amanata. Ni da nake wanke maka baki da kananzir, in na manta ban busa maka ƙura ba rana ɗaya sai ka yi mini yaji, ka ƙona mini katako a gaban mai aiki. Amma ka je Zoza, a teburin shayi, a hannun mutumin da bai san gabanka da bayanka ba, ka yi ta rera wiiii kana tsaga turmi ana tafi. An ce har ka fi yi musu murya. Me ya hana ka ƙi tashi? Da ka yi shiru a can da yanzu kana raye, da ƙofar Tudun Kaya na tsaye. Raina ya ɓaci da kai, kuma ina kewarka, duka biyun gaskiya ne.

Na je Zoza. Na tarar da Gwaggo Hajo a tsakar gida tana burga nono, Sulle na gefe yana gyaran igiya. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Sulle ya fashe da dariya, ya ce, “Wasa ne fa, bawana. Don ƙarfe ka tako har nan ko goro babu?”

Gwaggo ta ajiye maburgi. Ta ce, “Muntaka, ni da ubanka nono ɗaya muka sha. Ba a kai ƙarar taubashi, ba a biyan diyyar wasa, ba a kwana da shi a zuciya. Haka muka taras. Man kuma ni na ba shi, sabon bugu ne, ba a ce an cuce ka da tsohon mai ba.”

Na ce, “Haka ne, Gwaggo.”

Ta dama mini fura na sha, don ba a ƙin furar Gwaggo. Da Sulle ya rako ni bakin garke na tsaya na tambaye shi abu ɗaya. Ban tambaye shi don me ya buɗe ba, na san hannunsa ba ya zama. Ban tambaye shi don me ya zuba mai ba, rashin sani ya fi dare duhu. Na ce, “Sulle, da ka kawo shi, me ya hana ka gaya mini?”

Ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da sanda. Ya ce, “Kunya na ji.”

To jama'a, wannan ita ce ta kashe ni. Duk amfanin taubashi a duniya shi ne mutum ɗaya da babu kunya tsakaninka da shi. Kana jin kunyar surukinka, kana jin kunyar ɗan farinka, kana jin nauyin yayanka, amma an ware maka mutum ɗaya wanda zai faɗa maka warin bakinka kai ma ka faɗa masa nasa. Da Sulle ya jefo mini akwatin ya ce, na kashe maka ɗanka, matsiyaci, sai ka yi abin da za ka yi, da na bi shi da guduma har bakin kasuwa, da mun yi kokawa a cikin taɓo an raba mu, da na buɗe injin na wanke shi kafin na kunna, wataƙila koyil ɗin ma da bai ƙone ba. Ko ya mutu, da ya mutu a tsakaninmu, ba a gaban Liman ba. Amma ya goge shi da riga, ya rufe, ya miƙo mini yana dariya, ya bar ni na je na kunna a gaban dattawa. Haka ake yi wa baƙo, wanda ba a son ya gane. An ce mini kada na yi fushi da wasa, na yarda. Ni dai ban ga wasa a cikin wannan ba.

Marigayin ya rasu ya bar marayun biskit cike da gwangwani biyu, waɗanda babu mai tsaga musu wurin kwana a faɗin ƙasar nan. Ya bar 'yar sifanarsa ta cire zarto, da jakar ƙura, da guntun kyandir da bai ƙare ba. Ya bar ganyen ƙofa ɗaya a haɗe, ɗaya a warwatse, an ja masa layi ba a yanka ba. Jama'ar Tudun Kaya sun yi mini uzuri da kyakkyawan lafazi, suka ba mai walda aikin, za a kafa musu ƙofar ƙarfe kafin Mauludi. Sun ce na riƙe maɗacin ko zai yi mini amfani. Ya bar ni, Muntaka, wanda ya koma sayen ƙusa a awo, yana buga ta yana lanƙwasa kanta yana shafe ta da fenti. Ya kuma bar Zoza cike da tsaga, a benci, a ƙofa, a turmi, waɗanda babu abin da za a taɓa cusa musu.

Ana sanar da masu zuwa ta'aziyya cewa Sulle ya riga kowa zuwa. Jiya ya iso da hantsi, ya jingine keke, ya leƙo shago ya ce, “Ina matsiyacin bawan nan?” Tunda aka haife mu ban taɓa gaishe da Sulle ba, shi ma bai taɓa gaishe ni ba. Zagi ne sallamarmu, zagi ne ban kwananmu. Jiya na tashi tsaye, na kakkaɓe tabarmar baƙi na shimfiɗa masa. Na ce, “Sannu da zuwa, Malam Sulaimanu. An zo lafiya? Ya hanya? Ya Gwaggo da jiki? Ya iyali, ya shanu, ya damina?” Na sa aka kawo masa ruwa a kofin gilashi. Ya tsaya da kofin a hannu bai sha ba, bai kuma zauna ba.

Ya ce, “Muntaka, don Allah ka zage ni.”

Na ce, “Subhanallahi, Malam Sulaimanu, ni wa? A gaida mutanen gida.”

Ban yi fushi ba, Gwaggo ta shaida, ban kai ƙara ba, ban nemi diyya ba. Na raka shi har bakin titi na riƙe masa keke ya hau. Da ya yi nisa na dawo shago na zauna, na daɗe ban iya ɗaga guduma ba.

Za a yi jana'izar marigayin ranar Alhamis bayan la'asar, a bayan shagona, gindin darbejiya. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, don haka ba za a yi ba, za a dai tsaya shiru gwargwadon abin da ya sawwaƙa. An riga an yi masa wanka da kananzir, an naɗe shi a ƙyallen da nake goge shi, za a sa shi a akwatinsa. Ana roƙon 'yan gwangwan kada su wahalar da kansu, ba za a sayar da shi a kilo ba. Za a karɓi gaisuwa a shago har kwana uku, mata kuma a cikin gida wurin Zaituna. Masu kawo abincin sadaka, a yi haƙuri a kawo tuwon haka nan, kada a zuba masa mai.

Akwatin hannu biyu gare shi. Ni zan kama ɗaya. Ɗayan an bar wa Malam Sulaimanu na Zoza, in ayyukansa sun bar shi ya samu zuwa. In ya zo, ina roƙon jama'a a matsa masa wuri a tabarmar gaba, a ba shi ruwa, a girmama shi yadda ake girmama kowane baƙo.